Lokacin da Laftof ke Girma Tare da Mai Ita

A shekarun da muka yi jami'a a Kano, tsakanin 2006 da 2010, ba kowane ɗalibi ne ke da laftof ba, kuma a cikin masu ita ɗin ma da wuya ka sami wanda ya saye ta cikakkiya. Iya abin da aljihu ya kai mutum yake ɗaukowa, sauran ya riƙa cikawa sannu a hankali, kamar yadda talaka ke gina gida: bana ɗaki ɗaya da katanga, baɗi a rufa na biyu, in Allah ya hore a ja wuta. Na'urorin wancan lokacin sun yarda da haka. An ƙera su ne yadda za a buɗe, a cire wannan a sa wancan, kuma abin da ya sa ke nan irinmu muka riƙe kwamfuta tun ƙarfinmu bai kai ba.

Mai son waya Farm Centre yake nufa, mai son kwamfuta kuwa Titin Beirut. Sabuwa dal a kwali akwai ta, amma ta 'yan kwangila ce da manyan ma'aikata. Namu kason shi ne tokumbo, wadda wasu ke ce wa 'yar Beljiyam. Bankuna da kamfanoni da makarantu a Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku ko huɗu, dillalai su kwashe tsofaffin, a loda a kwantena zuwa Legas. Daga Computer Village ta Ikeja 'yan kasuwarmu ke sarowa, su biyo motar dare da su. Shi ya sa za ka ga samfuri ɗaya ya cika layin gaba ɗaya a lokaci guda: yau Dell Latitude D600 da D610, gobe HP Compaq nc6000, jibi baƙar ThinkPad T42 mai jan ɗigo a tsakiyar kibod, wadda har lokacin tambarin IBM ne a jikinta duk da Lenovo ta sayi sashen tun 2005.

Kowace da tarihinta a jiki. Wata da lambar kadarar wani ofishi manne a murfi, wata da tabon kofin shayi kusa da maɓallin kunnawa. Wadda ta fito daga Jamus, in ka danna Y sai ka ga Z. Ta Faransa kuma A ce ke zaune inda ka saba ganin Q. Mai shago zai ce maka, “Malam, ba matsala ba ce, hannu zai saba.” In bai saba ba, noti biyu ko uku ne ke riƙe da kibod ɗin, ka biya ciko a sauya maka nan take.

Tawa a 2007 na saye ta, da kuɗin tallafin karatu na jiha da wata ɗaukar adashi da yayata ta ranta mini. Firosesarta Pentium M, RAM ɗinta mega 256, faifan ajiyarta giga 40, tana ɗauke da Windows XP. Sana'a na saye ta domin in yi: 'yan ajin ƙarshe su kawo furojet da rubutun hannu, in buga musu, su biya ni kan shafi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ranar da na kai ta ɗaki shi ne ƙasanta. In ka kife ta, ƙananan ƙofofi ne a jere, kowace da ɗan zane a gefe mai nuna abin da ke ciki. Ta RAM noti ɗaya. Ta faifai biyu. Batir ko noti ba ya so, sakata ce za ka ja da babban yatsa ya faɗo hannunka. Masu ƙerar sun san wani zai buɗe, har sun nuna masa hanya.

Da aiki ya fara yawa sai ta fara jan ƙafa. Akwai wani mai gyara a lungun da ke bayan layin shagunan, kowa Injiniya yake ce masa. Shagon bai fi mutum uku su tsaya ba: kanta mai gilashi, gwangwanayen madara cike da notina, mita da bulowa a gefe, sama kuma matattun laftof a jibge har rufi, waɗanda yake yanko kayan gyara daga jikinsu. Na ajiye masa ita na ce, “Injiniya, in na buɗe babi biyu na sa karatu a kunne, sai ta sandare.”

Bai amsa ba sai da ya kunna ta, ya buɗe abin da na ce, sannan ya nuna mini wata 'yar fitila a gaban na'urar da ke ta ƙyaftawa ba hutu. Ya ce in kara kunne. Can ciki ana jin ƙarar faifai, ƙur-ƙur-ƙur.

“Ɗan makaranta, lafiyarta ƙalau. Wuri ne ya yi mata kaɗan.”

A nan na fara fahimtar abin da littafin aji bai iya sa mini a kai ba. RAM ita ke riƙe da abin da kwamfuta ke aiki a kansa a wannan lokacin, da an kashe wuta kuma komai ya goge. In ta cika, Windows sai ta riƙa tura rarar zuwa faifan ajiya tana ɗaukowa, shi kuma faifai ya fi RAM jinkiri sau dubbai. Wannan kai-kawon ne fitilar ke nunawa. Injiniya ya cire batir, ya taɓa ƙarfen kanta da hannu don ya sauke wutar jiki, ya kwance notin ɗaya. Ciki ramuka biyu ne, ɗaya da ɗan koren allo mai tsawon yatsa, ɗaya fayau. Ya zaro wani daga leda, ya goge haƙoransa na ruwan zinare da magogin fensir, ya hure, ya zura shi a karkace, sannan ya danna ƙasa har 'yan ƙarafan gefe biyu suka yi ƙas. Ya mayar da murfi, ya kunna, ya danna F2. Ga shi a rubuce: 768. Duka aikin bai kai a sha kofin shayi ba, amma na'urar da na koma da ita ɗaki kamar ba ita ba. Kuɗin da na biya, furojet biyu suka mayar mini da shi.

RAM ɗin ma iri-iri ce, kuma nan ne baƙo ke shan wahala. DDR ta farko da DDR2 duk haƙora 200 gare su a na laftof, ido ɗaya za ka ce abu guda ne, sai dai tsagar da ke tsakanin haƙoran ta ɗan goce, don kada a cusa mai cin bolt 1.8 a ramin mai 2.5. Mai taurin kai yakan danna da ƙarfi har ya karya ramin. DDR3 ta zo da 204, DDR4 da 260. Rigimar da ta fi yawa a layin kuwa ta giga huɗu ce. Mutum ya biya kuɗin giga 4, ya je gida ya duba ya ga uku da 'yan kai, ya dawo da zafinsa yana cewa an ci masa giga ɗaya. Ba wanda ya ci. Windows mai bit 32 ce ba ta iya ganin abin da ya wuce giga huɗu, kuma a cikin huɗun ma sai an yanka wa sauran kayan na'urar kaso. Sai da Windows 7 ta fito a 2009, mai bit 64 ta yaɗu, aka huta da wannan shari'a.

A 2009 ɗin ne malaman jami'a suka tafi yajin aiki na wajen wata huɗu. Zaman gida ya ishe ni, na roƙi Injiniya ya bar ni in riƙa zama a shagon. Ya ce albashi babu, amma abincin rana yana wuyansa. Aikina na farko jera notina a kan farar takarda daidai da inda aka ciro kowanne, domin a laftof ɗaya akwai gajere akwai dogo, kuma dogon in ya shiga ramin gajere sai ya huda allon uwa ko ya ɓullo ta saman roba.

Ba abin da ya fi kawo mana masu kuka irin faifan ajiya. In ka buɗe matacce, wani ɗan faranti ne mai sheƙi kamar a duba fuska, wanda ke juyawa sau 4,200 ko 5,400 a minti ɗaya, da siririn hannu mai karatu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa da kaurin gashi ba ta kai ba. To ka ɗauki wannan abu ka sa a jakar goyo ba tare da ya gama tsayawa ba, ka hau acaɓa daga Kabuga zuwa sabuwar jami'a, ramuka suna ta jijjiga ka. Lokacin ba a hana acaɓa a Kano ba, sai a farkon 2013. In hannun ya daki farantin, sai ka fara jin ƙyas, ƙyas, ƙyas. Da Injiniya ya ji wannan sautin yakan ɗago kai ya tambayi mai ita, “Kana da kwafi a filas?” Yawanci shiru ne amsar. Na ga ɗalibar digiri na biyu ta zauna a bencin ƙofar shagon ta kasa tashi, aikin shekara biyu yana cikin abin da bai fi tafin hannunta ba. Wani lokacin akan dace, a sa faifan a 'yar kwalin USB a jona da wata kwamfutar a kwashe abin da ya samu kafin ya ƙarasa. Wani lokacin sai haƙuri.

Akwai wani abu game da faifan tokumbo da ban manta ba. Da yawa suna zuwa ba a goge su ba. Ka jona sai ga rayuwar wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba: hotunan bikinsa, wasiƙun ofis, takardun asibiti, yaransa a bakin teku. Wasu yaran shaguna sukan zauna su yi ta kallo suna dariya. Injiniya bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Dokarsa ita ce a goge kafin a leƙa, na kwastoma kuwa ba a buɗe komai sai abin da ya ce a buɗe. Yakan ce mai gyara da unguwarzoma ba sa ba da labarin abin da suka gani. Har yau in zan ba da kwamfutata gyara, irin wannan mutumin nake nema kafin in nemi gwani.

Su ma faifan sun sauya a idonmu, daga mai allurai 44 masu saurin lanƙwashewa zuwa SATA da ake zurawa kawai. Farashinsu kullum ƙasa yake yi, giga na ƙaruwa, sai a ƙarshen 2011 da ambaliya ta cinye masana'antu a Tailan, inda ake ƙera kaso mai yawa na faifan duniya. Cikin 'yan makonni kuɗinsu ya kusa ninkawa har a Kano. Mutanen da ba su san inda Tailan take a taswira ba suka koma yi mata addu'ar ruwa ya janye.

Batir kuwa shi ne dalilin da ya sa laftof ta kori kwamfutar tebur a ɗakunanmu. An sauya wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, amma halin bai sauya ba, mu ma ba mu daina ce mata NEPA ba. Mai kwamfutar tebur in an ɗauke wuta ya yi asarar abin da bai adana ba, mai laftof kuwa ya ci gaba. Sai dai batirin tokumbo ya riga ya ci rabin rayuwarsa a ƙasar wasu. Kowane mai shago “awa biyu yake yi” zai ce maka, ko da minti ashirin ne. In ka fasa robar, ƙwayoyi shida ne dogaye a ciki, irin da ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne tsawonsu 65. Uku-uku ake jera su kashi biyu, su ba da bolt 10.8 ko 11.1. Sau da yawa layi ɗaya ne ya mutu ya ja wa sauran. Mukan gwada su da mita, masu rai a ware, su ne daga baya suka koma cikin tocilan da fankokin caji da ake sayarwa a bakin titi. Sabon batir na ainihi tsada gare shi, amma aƙalla ana iya saye a maƙala, har wasu na yawo da biyu a jaka.

Caja ma da nata. Kowane kamfani da ƙarfin wutarsa da bakinsa: HP 18.5, Toshiba da Acer yawanci 19, Dell 19.5, Lenovo 20. Ta jabu a hannu ake gane ta, ba nauyi, kamar ba komai a ciki. Alamarta ta biyu, da ka jona sai kibiyar sikirin ta fara tsalle ita kaɗai, musamman in a kan ƙaramin janareta ne. Allunan da irin wannan caja ta ƙone sun fi waɗanda tsufa ya kashe.

Amma babban abokin gabar laftof a ƙasarmu zafi ne da ƙura. Na'urar da aka ƙera don ofis mai sanyi a Turai, ga ta a ɗakin kwanan ɗalibai a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗora ta a kan katifa ta toshe mata hanci. Hunturu kuma ya zo da nasa. In muka buɗe, tsakanin fanka da ƙarfen da ke fitar da zafi sai ka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama wani ɗan bargo, ka ɗaga shi da tsinke ya taso ɗungurungum. Mai ita ya zo da fargabar an ce allo ne ya lalace saboda tana ɗaukewa da kanta, alhali buroshi ne maganinta da ɗan sabon man da ake shafawa a kan firosesa, gwargwadon ƙwayar shinkafa. Mai gyaran da ba ya tsoron Allah a nan yake cin kasuwarsa.

Akwai kuma ciwon da ba na ƙura ba. A 2008 kamfanin Nvidia ya amsa cewa wasu daga cikin ƙwayoyinsa na sarrafa hoto da ke cikin laftof suna da rauni, har ya ware kusan dala miliyan 200 don biyan gyara. Ɗumi da hucewa, ɗumi da hucewa, sai haɗin da ke ƙarƙashin ƙwayar ya tsage, na'ura ta kunna amma sikirin baƙi ƙirin. Waɗanda suka saya a can an gyara wa da yawansu kyauta. Sauran kuwa suka shiga kwantena. A layinmu maganin da aka sani shi ne “gashi”: a rufe kewayen da takardar alminiyam, a hura wa ƙwayar bulowa mai zafi har haɗin ya kama. Takan tashi, ta yi mako uku ko wata biyu, ta sake kwantawa. Injiniya yakan gaya wa mai ita gaskiya, ya ce kwashe kayanka ka fara tara kuɗin wata. Wasu kuwa gasawa suke su goge ta tas su ɗora a kanta a matsayin sabon kaya.

Har firosesa ana sauyawa a lokacin, abin da yaran yanzu ba sa yarda in na faɗa. A soket take zaune, da wani ɗan noti da ake murɗa wa rabin zagaye ta saki. Mai Celeron in allonsa ya yarda sai ya tara kuɗi ya koma Core 2 Duo. Ƙarni na huɗu na Core, wanda ya fito a 2013, shi ne na ƙarshe da Intel ta yi wa laftof mai soket. Daga nan sai liƙi da dalma. Sikirin ma in ya dushe ba lallai a sauya shi duka ba, sau da yawa siririyar fitilar bayansa ce ko ɗan allon da ke ba ta wuta.

A duk abin da na gani ana ƙara wa laftof, ba wanda ya kai SSD. Babu faranti a cikinta, babu hannu, babu abin da ke motsi, ƙwayoyi ne kawai irin na filas, saboda haka ramin titi bai dame ta ba. Da farko kuɗinta ya fi ƙarfin kowa, sai wajen 2018 da farashi ya faɗi, mai giga 120 ta zama abin da malamin makaranta zai iya saye. Lokacin na daɗe da barin shagon, ina aikin koyarwa, amma sukudireba ba ta bar jakata ba. Abokan aiki suka riƙa kawo mini tsofaffin na'urorin 2011, irin su ThinkPad T420 da EliteBook 8460p da Latitude E6420, waɗanda sun riga sun yanke ƙauna da su. A sa SSD, a kai RAM giga 8. Tsohon faifan ma ba a yar da shi, akwai wani ɗan gida da ake zurawa a gurbin DVD, a sa shi ciki ya zama ma'ajiya. Wani dattijon malamin lissafi ya saba in ya danna maɓalli sai ya je ya yi alwala ya dawo kafin ta gama tashi. Ranar da na mayar masa da ita, bai gama naɗe hannun riga ba ta buɗe. Ya dube ni ya ce, “Malam, anya tawa ce ka dawo mini da ita?” Da ita ya yi ritaya.

Ƙofofin nan ba rana ɗaya aka rufe su ba. A Janairun 2008 Steve Jobs na kamfanin Apple ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, duniya ta yi ta tafi. Abin da ba a tafa wa ba shi ne RAM ɗinta liƙe take a allo. A 2011 Intel ta fito da tsarin Ultrabook, sauran kamfanoni suka shiga tseren sirantaka. A 2012 MacBook Pro mai sikirin Retina ta zo da RAM a liƙe, batir kuma an manne shi da gam. Zuwa 2020, da Apple ta fito da M1, RAM ta koma jikin firosesar kanta. Yau ka kife yawancin sababbin laftof, marfi ɗaya ne shafal, notinan ma wasu sai da sukudireba ta musamman.

Ba zan ce ba a ci riba ba. Na yanzu sun fi sauƙin ɗauka, sun fi sauri nesa ba kusa ba, kuma batirin da zai kai ka daga safe har la'asar ba ƙaramin abu ba ne a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. RAM ɗin da ake liƙawa ta fi ƙarancin cin wuta, wannan gaskiya ne. Amma a duba wa ke biyan kuɗin wannan ribar. Wanda ya saye ta sabuwa a Landan shekara uku zai yi ya sauya, bai taɓa buƙatar buɗe ta ba. Mu ne masu karɓarta a hannu na biyu da na uku, a daidai lokacin da giga 8 ɗin da aka liƙa mata ya fara kasawa, batirin da aka manne ya fara kumbura. Da, in RAM ta mutu ɗan allo ɗaya za ka saya. Yanzu allon uwa gaba ɗaya ne, kuɗinsa kuma ya kusa na wata na'urar. Ga naira: dalar da muke saye wajen 120 a 2008 ta haura 1,500 a 2024. A lokacin da muka fi buƙatar saye kaɗan-kaɗan, a lokacin aka ce sai dai a biya duka a tashi ɗaya.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce 'yar ƙyalƙyali mai arha da ake sayar wa iyaye a kwali, RAM giga 4 a liƙe, ma'ajiya giga 32 ko 64 ita ma a liƙe. Uba ya ga sabuwa ce, ga leda ga ƙamshi, ya saya wa 'yarsa mai shiga jami'a. Kafin ta gama aji ɗaya Windows kaɗai ta cinye wurin, kuma ba abin da wani injiniya zai iya yi. Tsohuwar tokumbo ta ofis mai rabin kuɗin ta fi ta amfani. Wani ƙarin nauyin kuma daga manhaja ya zo: Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da firosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama. Na'urorin 2011 ɗin nan da muka farfaɗo lafiyarsu ƙalau, amma an bar su a baya, sai dai mai ita ya koma Linux ko ya ci gaba a haka ba kariya.

Masu gyara ba su mutu ba, sauya hannu suka yi. Yaran da suka koyi aiki a kan allon waya su ne gwanayen yanzu, da madubin ƙara girma da zanen allo a sikirin, suna ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba su dasa wata. Sun fi mu iyawa, ba gardama. Sai dai aikin ya bar hannun mai kaya. Ɗalibin da zai koyi cikin kwamfuta ta hanyar kwance tasa, ya ga RAM da idonsa ya taɓa, yanzu sai ya yi da gaske. Akwai kamfanin Framework a Amurka da ya fara sayar da laftof a 2021 wadda komai nata ake cirewa a sauya, amma kuɗinta da hanyar samunta sun sa ba ta zama ta kasuwarmu ba.

Abin da ya rage mana shi ne zaɓe da ido buɗe, domin masu ƙofa ba su ƙare ba. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5, dukkansu na 2018, ramukan RAM biyu gare su, SSD ɗinsu ana cirewa, kuma Windows 11 ta karɓi masu firosesar ƙarni na takwas a cikinsu. T480s kuwa, harafi ɗaya kawai ya bambanta sunan, rami ɗaya ne, sauran a liƙe. X1 Carbon RAM ɗinta duka a liƙe. Don haka ɗan'uwa, in za ka saya wa kanka ko ɗanka, kada ka tsaya a kan “Core i7 ce” da mai shago zai yi ta nanatawa. Tambayi ƙarni na nawa ce. Ka ce a kwance marfin a gabanka, ka ga ramin RAM da idonka, ka ga SSD ɗin noti ne ke riƙe da ita, ka duba batirin bai kumbura ba. In mai shago ya ce ba a buɗewa, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.